Uwar da Muke Yabo da Uwar da Muke Kora

Da yabo ne ma'aunin girmama uwa, da ƙasar Hausa ta daɗe da cin gasa. Mawaƙanmu sun yi mata waƙa, malamanmu sun yi mata huɗuba, direbobin manyan motocin da ke bin hanyar Daura zuwa Kongolam sun rubuta mata addu'a a bayan motocinsu. Ma'aikaci in ya samu ƙarin girma, burinsa na farko ya biya wa Hajiya kujerar Makka. Duk da haka, a kowane zaure da kowane taron suna koke ɗaya ake yi: yaran yanzu ba su da ladabi, uwa ta aiki yaro ya zumɓura baki, ta yi magana ya mayar mata. Sai a ɗora laifin a kan waya, ko fina-finai, ko makarantar boko, ko ƙarancin bulala.

A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Yaron da bai wuce shekara 7 ba, darajar uwarsa a idonsa daga tsakar gida take fitowa: da wace murya ake yi mata magana, wa ke jin ta bakinta kafin a yanke shawara, me ke faruwa ranar da ta yi kuskure. Bahaushen yau kuwa, har da mai digiri, ya raba kalmar uwa gida biyu. Akwai uwar da ta haife shi, wadda ba ya iya haɗa ido da ita. Akwai kuma uwar da ta haifa masa, wadda layi biyu a takarda ya ishe shi ya raba ta da ɗakinta da 'ya'yanta. Abin da yake mantawa shi ne, ta biyun nan ita ce ta farko a wurin ɗansa.

Ƙasar da mata suka riƙe

Kongolam gari ne na kan iyaka a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, cikin masarautar Daura. Daga nan hanya ke tsallakawa Jamhuriyar Nijar ta nufi Matamaye da Damagaram. Idan akwai ƙasar da bai kamata a tsaya koya mata darajar uwa ba, to wannan ce. Labarin da kowane ɗan firamare ya haddace ya nuna cewa kafin zuwan Bayajida mata ne ke mulkin Daura, jerin magajiyoyi tun daga Kufuru har zuwa Daurama. Tsohuwa ce, Ayana, ta sauki baƙon a gidanta daren da ya nufi rijiyar Kusugu. Rabon da labarin ya yi wa zuriyar Bayajida ma ta wajen uwa ya yi shi: Bawo ɗan Daurama, Karɓagari ɗan Bagwariya. Har yau sarautar Magajiya tana nan a fadar Daura.

Masana tarihi suna da ja a kan sassan wannan labari, kuma hakan bai rage masa komai ba a nan. Al'umma takan bayyana abin da take ɗaukaka ta hanyar labarin da ta zaɓa ta riƙa ba 'ya'yanta, mu kuwa mun zaɓi mu ce daga hannun uwa muka karɓi gari. Tambayar ita ce ko yaron da aka ba wannan labari da safe a aji zai koma gida da rana ya tarar da shaidarsa.

Darasin da ya ɓace daga gidan ma'aikaci

A tsohon tsari yaro ba ya rasa inda zai ga ladabi da idonsa. Gida babba ne, kaka tana ciki. Kowace safiya yana ganin ubansa, mutumin da kowa ke shakka, ya cire takalmi ya durƙusa a ƙofar ɗakin tsohuwa yana gaisuwa. Yana ganin yadda uban ke sunkuyar da kai in surukarsa ta zo. Ga goggo, ga inna, ga matan baffanni, kowacce uwa ce kuma kowacce tana da ikon tsawatarwa. Alkunya takan hana uwa kiran sunan ɗan fari ko nuna masa so a gaban mutane, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith a littafin da ya fito a 1954, amma wannan nisa yana da masu cike shi. Ba wanda ya zaunar da yaro ya yi masa lacca, gani yake yi ya kwaikwaya.

Mu da ke karanta wannan rubutu mun bar wancan gida. Aiki ya kai mu Katsina, Kano, Kaduna ko Abuja, cikin gida mai ɗaki uku da ƙofa a kulle. Kaka tana Daura ko Zango ko Sandamu, sai da Sallah ake ganinta, sauran shekara murya ce a waya. Durƙuson uba, wanda shi ne darasin kullum, ya koma na sau biyu a shekara. Uwa ɗaya tak ta rage a idon yaro daga safe zuwa dare, ita ce matar gidan. Saboda haka duk abin da zai sani game da matsayin uwa, daga mu'amalar ubansa da ita zai samo shi. Mun rushe tsohuwar makarantar, sabuwar kuma ba mu lura mu ne malamanta ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1961 Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya sa ƙananan yara 'yan shekara 3 zuwa 6 suka kalli babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba yana yi mata baƙar magana. Da aka bar su da 'yar tsanar, sai suka maimaita dukan, har da kalaman da suka ji. Yara maza da suka kalli namiji sun fi kowa kwaikwayo. Ba a umarce su ba, ba a yi musu alkawarin lada ba. Kakanninmu sun riga Bandura faɗa a taƙaice: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A duba harshenmu ma. Zagin da ya fi kowanne saurin fita daga bakin Bahaushe, a tasha ko a cunkoson motoci ko a filin ƙwallo, uwa yake ambata, da yatsu biyar a ware. Yaro yana kujerar baya lokacin da ubansa ya sauke gilashi ya yi wa wani direba daƙuwa. Sau da yawa da wannan zagin ake tsawata wa yaron kansa, uwar tana tsaye tana ji. Alhali hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa zagin iyayen wani cikin manyan zunubai, domin mai yin sa shi ya jawo a zagi nasa. Mun mayar da sunan uwa abin jifa, sannan muna mamakin yaro bai ɗauke shi da nauyi ba.

Saki da ƙwace yaro

Inda rabuwar nan ta uwa biyu ta fi fitowa fili shi ne ranar da aure ya mutu. Abin da aka saba a garuruwanmu shi ne, mace ta tafi da na goye, da zarar ta yaye shi uba ya aiko a karɓo ɗansa. Waɗanda suka fi wayo tun ranar sakin ake tsare su. Ana ce wa wannan haƙƙin uba, wasu har suna jingina shi ga addini.

Mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke hukunci da ita ba haka ta ce ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta ba uwa haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna kan uba duk inda yaron yake. Abu Dawuda ya ruwaito labarin matar da ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mijin da ya sake ta yana son ƙwace ɗanta, aka hukunta cewa ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba. Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ɗora wa uba abinci da tufafin mai shayarwa, ta kuma hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta. Suratuɗ Ɗalaƙ ta umarci a biya wadda aka saka ladan shayarwa.

Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a tun 2000. Shekaru sama da 20 ke nan, amma mace nawa ce a ƙauyukan Mai'aduwa ta san cewa doka tana bayanta? Wadda ta sani ma, kuɗin mota da kunyar kai uban 'ya'yanta kotu da matsin danginta sukan sa ta haƙura. Mijin kuma ya san hanya mafi sauƙi: ya ce in tana son yaran ta riƙe, amma kada ta sa ran ko ƙwayar hatsi daga wurinsa. A watan Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangamin zawarawa a Kano domin a ji irin wannan kuka, Hukumar Hisba ta hana. Bayan shekara 3 gwamnatin jihar ta fara aurar da zawarawa a taro. Aurarwar alheri ce, sai dai ba ta amsa tambayar yaran da aka bari a baya ba.

Yanzu a tsaya a matsayin yaro ɗan shekara 4. Jiya yana kwana a bayan uwarsa, yau an ce ta tafi, kuma ambaton sunanta yana ɓata wa Baba rai. Yana jin ana kiranta da sunaye a gabansa. Ya koyi cewa uwa aba ce da ake iya cirewa a sa wata. Bayan shekara 20 shi ne za a tsayar a yi wa wa'azin cewa Manzon Allah ya ambaci uwa sau 3 kafin ya ambaci uba. Zai gyaɗa kai, domin ya haddace. Amma darasin da ya shiga jikinsa tun yana ɗan shekara 4 shi zai yi aiki da shi a kan matarsa.

Farashin zama uwa

Alƙur'ani bai bar girmama uwa a matsayin umarni kawai ba, ya faɗi dalili: wahalar ciki, wahalar haihuwa, da shayarwa, kamar yadda ya zo a Suratu Luƙman da Suratul Ahƙaf. Wato jikin uwa ne hujjar. To a duba yadda muke yi da jikin nan. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kimanin 82,000 ne suka mutu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. In aka raba, mata sama da 200 ke nan kowace rana. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai 1 cikin 5 ba.

Rashin asibiti da rashin hanya da rashin ma'aikata gaskiya ne, kuma laifin gwamnati ne. Sai dai ma'aikatan jinya a karkara sun san wani jinkirin da ba na gwamnati ba: mace tana naƙuda tun dare, an ƙi fita da ita domin maigida ba ya nan kuma bai bar izini ba. Sun san mijin da za a ce ya ba da jini ya sulale. A Babbar Ruga da ke Katsina akwai cibiyar ƙasa ta masu lalurar yoyon fitsari, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara aikin gyara a shekarun 1980. Doguwar naƙuda ce ke jawo lalurar, galibi jaririn ma ba ya rayuwa, kuma da yawan matan mazajensu kan guje su. Mace ta rasa ɗa da lafiya da aure wajen ƙoƙarin zama uwa. A wane layi na waƙoƙin yabonmu aka sa ta?

Haka abin yake a fannin ciyarwa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta rubuta a kan kasuwancin da matan kulle ke yi daga cikin gida, hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci, yara na kai da kawowa. Har gobe haka ne. A gari irin Kongolam, inda abinci ya dogara da motar da ta tsaya da fasinjan da ya sauka, furar da aka dama da awarar da aka soya su ne kuɗin sabulu da littafi da maganin zazzaɓi. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar har zuwa Maris na 2024, an yi ta lissafin asarar 'yan kasuwa da masu motoci. Uwar da tallarta ta dawo ba a saya ba, ba ta shiga lissafin kowa ba.

A tsallaken iyakar akwai misalin da ya fi wannan ɗaci. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, maƙwabtan Kongolam, masu harshe ɗaya da aure ɗaya da mutanen Daura. A sake duban alƙaluman: mata 33, maza 7. Nauyin bakin yara a wuyan wa ya rataya har ya kai ta tsakiyar hamada?

Abin da za a ce

Za a ce waya da fina-finai sun lalata yara. Suna da tasiri, ba musu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yaro ɗan shekara 3 bai mallaki waya ba, ya dai mallaki ido da kunne.

Za a ce mata ma suna da laifi: akwai uwar da ke zagin ɗanta, akwai uwar mijin da ke hura wutar saki, akwai kishiyar da ke azabtar da 'ya'yan wadda ta fita. Gaskiya ne, kuma kowacce za ta amsa nata. Sai dai a lura, uwar mijin da ke cewa a kori suruka tana amfani ne da ikon da ɗanta ya ba ta a matsayin uwa domin ta tozarta uwar jikokinta. Wannan shi ne rabuwar da nake magana a kai. Biyayya ga mahaifiya ba ta halatta zalunci, kuma igiyar aure da aljihu da hukuncin ƙarshe duk a hannun namiji suke. Mai iko shi ke ɗaukar kaso mafi girma na alhaki.

Za a ce da bulala aka gyara mu. Bulala tana koya wa yaro ya yi shiru a gaban wanda ya fi shi ƙarfi. Ranar da ya fi uwarsa tsawo, dalilin shirun ya ƙare. Ladabin da ke ɗorewa shi ne wanda yaro ya ga mai ƙarfi yana yi wa wanda ba zai iya tilasta masa ba.

Wasu kuma za su ce mafita ita ce mu riƙa bikin ranar uwa kamar sauran duniya. A tuna da Anna Jarvis, wadda ta fara bikin a Amurka a 1908 har shugaba Woodrow Wilson ya mayar da shi na ƙasa a 1914. Ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da ranar, domin ta ga masu sayar da fure da kati sun mayar da ita kasuwa, mutane suna sayen katin da aka buga maimakon su zauna su rubuta wa uwa wasiƙa. Hoton Hajiya a Facebook da dogon yabo a ƙarƙashinsa katin zamaninmu ne. Ba laifi ba ne, amma ba ya cin komai, yaro kuma ba ya koyon komai daga gare shi.

Abin da ke hannunmu

Gyaran ba ya jiran kasafin kuɗi. Uba ya daina yi wa matarsa faɗa a gaban yara, saɓani ya jira a rufe ƙofa. In uwa ta yanke wa yaro hukunci kada ya warware shi a gabansa, in yana da gyara ya same ta su kaɗai. Yara su ji shi yana yi mata sannu da aiki, yana gode mata a kan abinci, yana ba ta haƙuri in ya yi kuskure. In yaro ya ɗaga mata murya, uban ya fara nuna ɓacin rai kafin ita. Ya kai su gaban tasa mahaifiyar su ga ya durƙusa, ya kai su gaban mahaifiyar matarsa su ga ya yi daidai da haka. Ya cire sunan uwar kowa daga cikin zaginsa.

In aure ya ƙi, to a rabu yadda Risala ta ce: yara wurin uwarsu, ciyarwa a kan uba, a kan lokaci, ba tare da an sa ta roƙo ba. Annabi ya ci gaba da aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan rasuwarta. Wanda ke neman abin koyi a kan yadda ake riƙe darajar uwar 'ya'ya, ga shi nan.

Akwai kuma abin da ya rataya a kanmu saboda kujerun da muke kai. Lauyoyi da alƙalai su bayyana hukuncin riƙon yara da Hausa a rediyo har matar ƙauye ta ji. Limamai su haɗa huɗubar biyayya ga iyaye da ta haƙƙin uwar da aka saka, domin babi ɗaya ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga matan karkara, saboda haka mai wannan kira ba baƙon abu ya kawo ba. Hakimai da dagatai na masarautar Daura suna iya sa kowane magidanci ya bar izinin kai matarsa asibiti tun cikin yana ƙarami. Mai makaranta ko kamfani ya ba ma'aikaciyarsa hutun haihuwa na mako 12 da Dokar Ƙwadago ta tanada, ba tare da barazanar kora ba. Mai 'yar aiki a gida ya tuna cewa ita ma 'yar wata ce, yaransa kuma suna kallon yadda ake kiranta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka muke faɗa duk lokacin da za mu ɗauki bulala. Karin maganar gaskiya ce, amma iccen yana tanƙwaruwa ne kullum, ko mun nufa ko ba mu nufa ba, zuwa ga abin da yake gani. Mutumin da ke son ya san yadda ɗansa zai riƙe uwarsa in ta tsufa ba ya bukatar dogon bincike. Ya saurari muryar da shi kansa ya yi mata magana da ita yau da safe.